Kujerun Toyota a cikin jirgi mai saukar ungulu

A watan Oktoba na 2007 kamfanin dillancin labarai na Faransa, AFP, ya fitar da wani labari daga Kano da ya zaga duniya. Wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗan shekara 24, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu a bayan gidansu da tarkacen motoci da babura. Wata takwas ya shafe yana aikin. Da ya gama sai ya shafa masa fenti ruwan ɗorawa, ya kai shi harabar jami'a ya ajiye.

Kuɗin aikin daga gyaran waya da kwamfuta ya tara su, mahaifinsa, wanda malami ne a jami'ar, ya cika masa. Ya sayi tsohon alminiyam ya yi gangar jiki. Injin na Honda Civic ne, na hannu, mai ƙarfin doki 133. Wasu sassan daga ragowar wani jirgin sama da ya yi hatsari kusa da Kano aka samo su. Kujerun kuwa daga wata tsohuwar Toyota ya ciro. Jirgin mai cin mutum huɗu ne, tsawonsa mita 12. Ana tayar da shi da maɓalli, ga sandar ba da wuta a tsakanin kujeru, ga kyamara a ƙarƙashi tana nuna wa matuƙi ƙasa a wani ɗan allo. Yadda ake tuƙin ma a intanet ya koya.

Lokacin da labarin ya fita jirgin ya tashi sau shida, bai kuma taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Nan masu dariya suka samu abin yi, ai ko katangar wani gidan ta fi haka tsawo. Ni kuwa kujerun nan ne suka tsaya mini a rai, domin a ganina su ne suka fi bayyana abin da ya riƙe jirgin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai walda a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada ana ciro kujerar tsohuwar mota ya san abin da ke ƙarƙashin soso. Ƙarfe ne zalla: bututu, waya mai lanƙwasa, da layukan da kujerar ke zamewa a kai. Tsatsa daga ƙasa take farawa, inda ruwan damina ke kwanciya a shimfiɗar mota, ta ci ƙafafun tun mai motar bai ankara ba, sai ranar da ya jingina ya ji ya tafi baya. Mai walda zai kankare, ya yanke inda ya ruɓe, ya ɗora sabon ƙarfe, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa. Babu mai tambayar nauyin abin da aka ɗora, tun da taya ce za ta ɗauka. An yi kujerar mota ne don ta jure ramuka da karo, shi ya sa take da nauyi ko ba faci. A sama kuwa kowane kilo sai injin ya biya shi.

Sai a kwatanta da jiragen Robinson na Amurka, waɗanda ake koyon tuƙi da su a ƙasashe da dama. Ƙaraminsu, R22, mutum biyu yake ɗauka, kuma ƙarfin da yake tashi da shi kusan daidai yake da na injin Mubarak. Mai cin mutum huɗu, R44, ƙarfinsa ya haura doki 200. Wato injin mutum biyu Mubarak ya ɗora wa jikin mutum huɗu. Ƙafa bakwai ɗin ma tana da dalili. Idan jirgi yana dab da ƙasa, iskar da farfela ke turowa tana dukan ƙasa ta tallafe shi. Da ya ɗaga sama tallafin ya ragu, sai ƙarfin injin kaɗai. Abin mamaki a nan shi ne ma da ya ɗaga.

Mubarak ya yi gwajin tashi a jihar Katsina, wasu jami'an gwamnati suka yaba, amma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ba ta nuna sha'awa ba a lokacin. Shi da kansa ya amsa cewa jirgin ba shi da na'urorin auna nisa daga ƙasa da yanayin iska. Ya kuma riga ya fara na biyu, mai cin mutum biyu kacal, da niyyar ya kai ƙafa 15, a sa masa sabon injin Jincheng, irin na 'yan acaɓa. A 2010 ƙungiyar TED ta sa shi cikin matasan da ta zaɓa daga sassan duniya, ta gabatar da shi a matsayin injiniyan jiragen sama na Najeriya da Birtaniya.