Marubuciyar Da Ta Nuna Wa Yara Cewa Birni Na Mazaunansa Ne

Sau da yawa idan ana zancen tsara birane, akan ɗauka magana ce ta injiniyoyi da masu awon filaye da manyan ma'aikatan hukuma kaɗai. Amma a ƙasar Amurka an yi wata mata da ta kai wannan batu har gaban yara ƙanana. Sunanta Virginia Lee Burton. An haife ta a jihar Massachusetts a shekarar 1909, ta rasu a 1968. Ita ke rubuta labari, ita kuma ke zana hotunansa, kuma takan fara gwada shi a kan 'ya'yanta maza biyu don ta ga ko zai riƙe hankalinsu.

A cikin 1942 ta fitar da littafin The Little House, watau Ƙaramin Gida. Labarin wani ɗan gida ne da aka gina a kan tudu a karkara, a tsakiyar itatuwan tuffa. Sannu a hankali aka shimfiɗa hanyar mota a gabansa, gidaje suka biyo baya, sai benaye, sai jiragen ƙasa na bisa da na ƙarƙashin ƙasa, har ya wayi gari a tsakiyar birni cikin hayaƙi da ƙura da hayaniya, ko taurari ba ya gani. Daga bisani wata daga zuriyar wanda ya gina shi ta gane shi, ta sa aka ɗauke shi ɗungurungum aka mayar karkara. Littafin ya sami lambar Caldecott ta 1943, wadda ake bayarwa saboda kyawun zane a littattafan yara.

To, amma mai lura zai ga cewa gidan ne kaɗai ya tsira. Birnin yana nan yadda yake, dubban mutanen da ke cikinsa kuwa ba su da mai ɗauke su.

Bayan shekara goma, a 1952, sai ta zo da wata amsa dabam a littafin Maybelle the Cable Car, wanda ta gina a kan abin da ya faru da gaske a San Francisco, birnin da ta koyi zane tana budurwa. Birni ne mai tuddai masu wuyar hawa. Tun daga 1873 ake ɗaukar fasinja a can cikin wasu taragu marasa inji. Igiyar ƙarfe ce ke gudana ba tsayawa a ƙarƙashin titi. Idan direba ya cafke ta da abin kamu sai tarago ya tafi, idan ya sake ta ya ja birki sai ya tsaya.

A 1947 magajin garin, Roger Lapham, ya nemi a kawar da taragun da ke hannun hukumar birni a sa bas-bas a madadinsu, a kan cewa sun tsufa, suna kuma cin kuɗi. Nan fa wata mata mai suna Friedel Klussmann ta kafa kwamitin 'yan gari, suka dage har aka miƙa maganar ga masu jefa ƙuri'a a watan Nuwamba na wannan shekara. Kimanin mutum uku cikin kowane huɗu suka zaɓi a bar taragun. Wannan gwagwarmaya ce marubuciyar ta zana wa yara, ta nuna musu yadda ake kai koke da yadda ƙuri'a ke sauya shawarar hukuma.

Nasarar ba ta cika ba, domin a 1954 an rage layukan ƙwarai. Duk da haka a 1964 gwamnatin Amurka ta sa taragun cikin kayan tarihin ƙasa, kuma har yau layuka uku suna aiki.

Abin lura ga ma'aikaci da ɗalibi a nan shi ne, tsohon abu ba lalle ne ya zama mara amfani ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Jami'in da zai sa hannu a rushe kasuwa ko a yanka filin wasan yara ya kamata ya fara jin ta bakin masu unguwa. Yaron da aka koya wa haka tun yana firamare kuwa, ba zai yi shiru ba ranar da abin ya zo ƙofar gidansu.