BA KOWANE RAMI A GONA KE SON WUTA BA

Duk wanda ya taɓa noma a Sunkani, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola da ke kusa da Jalingo cikin Jihar Taraba, ya san 'yan ramukan nan da kan ɓullo a gefen kunya in damina ta kankama. Manomi da ya ga ƙwaro na shiga yana fita, sai ya ce rina ce, ya toshe ko ya cinna wuta. Alhali kuwa sau da yawa ƙudan zuma ne na daji.

Masana sun ƙidaya irin ƙudan zuma wajen 20,000 a duniya, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari a ƙasa suke gida. Galibinsu ba su da sarki, ba su tara zuma. Mace guda ce ke haƙa raminta, ta tara garin fure, ta yi ƙwai a kai, ta rufe.

Gane ta ba wuya. Bakin ramin bai wuce kaurin fensir ba, da 'yar ƙasa tare kamar ta tururuwa. Ɗaya ce ke shiga ta fita, jikinta da gashi-gashi, ƙafafunta sun yi rawaya da garin fure. Rina da zanzaro kuwa sumul suke, ga ƙugun nan kamar zai tsinke. Ba ta harbi sai an matse ta, namijin ma ba shi da ƙari ko kaɗan.

Sa'an nan akwai dangin galla, watau ƙananan nan marasa harbi. Waɗansunsu kan zauna cikin suri, su yi wa ƙofar wani ɗan bututu na danƙo. Zumarsu ba a saƙa take ba, cikin 'yan tukwane take, tana da ɗan tsami. A Habasha ana haƙo irinta daga ƙasa, ana ce mata tazma, ana sha don tari.

Inda hatsari yake shi ne ainihin ƙudan zuma na amya in suka sami tsohon suri ko ramin da dabba ta bari. Ƙofar na da faɗi, ana ganinsu da yawa a lokaci guda, ana jin gunjinsu. Nan sai a janye yara da shanu, a nemo mai amya ya zo da hayaƙi da dare.

Wani bincike da aka buga a 2017 a kan gonakin Burkina Faso ya nuna cewa ziyarar ƙudan zuma, na amya da na daji, ta ƙara amfanin auduga da riɗi har zuwa kashi 62 cikin ɗari. Riɗi kuwa kuɗi ne a Taraba. 'Yan'uwa da ke Agege da Sabon Ibadan da Shagamu, masu aika kuɗin maganin feshi gida, ya kamata su haɗa da saƙo cewa a guji feshi da hantsi in riɗi ko wake na fure, a bari sai yamma lis, in ƙudan sun koma rami.