Kasuwar Katakon Ado Na Ƙera Jita Da Matsayin Itatuwan Afirka A Cikinta

A cinikin katako na yau da kullum, gungumen da ya miƙe sambal, ba ƙulli ba tabo, shi ne mai daraja. Amma akwai wani ɗan lungu na wannan kasuwa inda lissafin ya juye: masu ƙera jita masu tsada, da kuma babbar jitar nan mai kaurin amo da ake kira bes, suna neman katakon da kafinta zai ƙi ne, wato mai murɗaɗɗiyar jijiya, ko mai zane irin na igiyar ruwa, ko ma wanda funfuna ta fara ci. Kasancewar wani ɓangare na irin wannan katako daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake fitowa, ya kamata 'yan kasuwarmu su san yadda harkar take.

Abin da ke sa masa tsada shi ne ƙaranci da kuma rashin tabbas. Ba kasafai ake shuka itace don ya yi zane ba, kuma sau da yawa ba a sanin abin da ke cikin gungume sai an tsaga shi. Idan aka dace, maƙerin jita ba ya yin almubazzaranci da shi. Yakan tsaga falle guda gida biyu, ya buɗe su kamar shafukan littafi ta yadda zanen dama zai yi daidai da na hagu, sannan ya manna su a fuskar jitar bisa wani katako mai arha. Kaurin wannan fuska kan kasance milimita shida ko kusa da haka, a kan jita masu rahusa kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Saboda haka itace guda yana iya yi wa ɗaruruwan jita ado. Ko wannan ado yana sauya amon jitar lantarki, magana ce da makaɗa suka daɗe suna jayayya a kanta. Abin da ba a jayayya a kai shi ne yana sauya farashi.

Shahararren misali shi ne wani itacen mahogani da aka sare a 1965 a dajin Chiquibul na ƙasar Belize, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila. Itacen ya faɗa cikin kwazazzabo, aka kasa fito da shi, ya yi fiye da shekara goma a yashe kafin a ciro shi. Zanensa, mai kama da ƙoƙon bayan kunkuru, ya sa har yanzu ana sayar da fallayensa ɗaya bayan ɗaya ga masu ƙera jita da kuɗi masu yawan gaske. A arewa maso yammacin Amurka kuwa, itacen mepul mai zane ya jawo sata a gandun dajin gwamnati. A 2018 wasu masu saran sa ba da izini ba a jihar Washington suka yi yunƙurin ƙona sheƙar zanzaro da ke gindin wani itace, lamarin da ya zo daidai da tashin gobarar da ta cinye eka fiye da 3,000, kuma a shari'ar da aka yi a 2021 an yi amfani da binciken ƙwayoyin halittar itace don gano inda katakon da aka sayar ya fito.

Itatuwan yankinmu sun daɗe a wannan sana'a. A 1958 kamfanin Gibson na Amurka ya fito da jita biyu masu baƙuwar siffa, Flying V da Explorer, daga wani katako mai ruwan zinariya da ya kira korina. Wannan ba wani abu ba ne illa itacen da 'yan katako a kudancin Nijeriya suka sani da suna afara. Jitar ba ta karɓu ba a lokacin, domin Flying V da aka fitar a 1958 da 1959 ba su kai ɗari ba, kuma wannan ƙaranci ne ya mai da su cikin jita mafiya tsada a hannun masu tara kayan tarihi. Haka kuma katakon sapele, wanda kamfanonin Martin da Taylor suke amfani da shi a madadin mahogani, ya samo sunansa ne daga garin Sapele na jihar Delta, inda aka daɗe ana lodin gungume zuwa Turai.

Masu ƙera bes su ne suka fi kowa rungumar baƙin katako. Kamfanin Alembic, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1969, shi ya fara yayin haɗa katako kala-kala ba tare da fenti ya rufe zanensa ba. Kamfanin Warwick na Jamus, wanda aka kafa a 1982, ya gina sunansa a kan katakon Afirka: wenge mai duhu da ƙarfi don wuyan jita, bubinga mai ja-ja, zebrano mai ratsi irin na jakin dawa, da kuma afzeliya, dangin itacen da Bahaushe yake kira kawo.

Darasi mafi amfani ga ɗan kasuwa ya fito ne daga Kamaru. Katakon eboni, ɗan'uwan kanya, shi ake shimfiɗawa a wuyan jita inda yatsu ke danna tsirkiya, kuma kasuwa ta saba da baƙi wuluk kaɗai. A 2011 kamfanin Taylor tare da kamfanin Madinter na Sifen suka sayi ma'aikatar tsaga katako ta Crelicam da ke Yawunde. A nan ne shugaban kamfanin, Bob Taylor, ya ji daga bakin masu saran itace cewa sukan kayar da kimanin itace goma kafin su sami ɗaya baƙi tsantsa, sauran tara masu ratsin ruwan ƙasa kuwa a bar su a daji su ruɓe, domin kuɗin da ake biya a kansu bai kai wahalar fito da su ba. Kamfanin ya yanke shawarar sayen mai ratsi a farashi ɗaya da baƙi, ya kuma sa shi a kan jitarsa masu tsada. Masu saye suka karɓa. Ba a sauya itacen ba, ba a ƙara masa komai ba. Ma'aunin daraja kawai aka sauya, sai kayan da ake zubarwa ya zama haja.

Sai dai duk mai son shiga wannan ciniki, da takarda zai fara, ba da zarto ba. Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa katakon rozwud na Brazil a rukuni na ɗaya tun 1992, abin da ya kusan rufe cinikinsa tsakanin ƙasashe. A taron Johannesburg na 2016 aka sa sauran dangin rozwud, da nau'i uku na bubinga, da kuma madobiya a rukuni na biyu, wanda ke buƙatar takardar izinin fitarwa, kuma dokar ta fara aiki a watan Janairun 2017. Ba masu ƙera jita ne suka jawo wannan mataki ba. Buƙatar masu yin kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin ce, wadda ta yi wa madobiyar jihar Taraba da maƙwabtanta mummunar ɓarna, har aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Amma dokar ta faɗa wa masana'antar kayan kiɗa da ƙarfi, har kamfanin Fender ya koma amfani da katakon pau ferro a kan jitar da yake ƙerawa a Meziko. A taron Janiba na 2019 aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera, ban da na rozwud ɗin Brazil, amma sassaucin bai shafi gungume da fallen katako ba. A taron Panama na 2022 kuma aka ƙara dangin kawo da na maɗaci na Afirka a rukuni na biyu.

Masu saye a Amurka suna da nasu dalilin yin taka-tsantsan. Dokar Lacey, wadda aka faɗaɗa a 2008, ta haramta shigo da katakon da aka sare ba bisa dokar ƙasarsa ta asali ba. Jami'an gwamnati sun kai samame ma'aikatun Gibson a 2009 da 2011, kuma a 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000, ya kuma haƙura da katakon eboni na Madagaska da aka ƙwace. Tun daga lokacin, babban kamfani ba ya karɓar kaya daga dillalin da ba zai iya nuna daga wane daji itacen ya fito ba.

Bayan takarda, sai busarwa, kuma a nan ne akasarin ƙananan 'yan katako ke faɗuwa. Maƙerin jita yana son katakon da danshinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ba, abin da ba a samu da shanyawa a inuwa kaɗai a yankin da ke da laima irin kudancin ƙasar nan. Sai an haɗa da ɗakin busarwa. Katako mai zane kuma ya fi miƙaƙƙe saurin tsagewa da karkacewa, saboda jijiyarsa ba ta bin hanya ɗaya. Shi ya sa dillalai kan shafe bakin kowane falle da kakin zuma ko fenti da zarar an tsaga, su yi masa lamba, su jiƙa fuskarsa don zanen ya fito kafin a ɗauki hoto, sannan su sayar da shi falle-falle ga mai saye da ya zaɓa da idonsa.