Famfon Feshi Mai Ganin Ciyawa

'Yan'uwa manoma, duk mai lambun lemo ko mangwaro ya san wahalar ciyawa. Tana shanye ruwa da takin da muka zuba wa itace, da rani kuma ita ce abincin gobara. Shi ya sa da yawanmu muka koma ga maganin feshi. Amma idan muka goya famfo, mukan feshe fili duka, har inda babu ko tsiro ɗaya. Kuɗi ne muke zubarwa a ƙasa.

A Kalifoniya ta Amurka, inda ake da manyan gonakin inabi da na 'ya'yan itace, akwai wata na'ura mai suna WeedSeeker, wadda kamfanin Trimble ya saya a 2009. Ana ɗaura ta a jikin tarakta. Kowane bakin feshi yana da nasa ido, mai haska ƙasa da haske iri biyu: ja, da wani wanda idon mutum ba ya gani. Ɗanyen ganye yakan shanye jan, ya mayar da ɗayan. Ƙasa da busasshen kara ba sa yin haka. Da zarar idon ya ga wannan bambanci sai bakin ya buɗe, ya fesa, ya rufe, tarakta kuwa ba ta tsaya ba. Da yake hasken nata ne, ko da dare tana aiki.

Ribar tana ga lambun da ciyawarsa take tsilli-tsilli. Inda tofa ko kiri-kiri suka rufe ƙasa ruf, bakin ba zai rufe ba, maganin da za a sha kuwa ɗaya ne.

Ga kuma abin lura. Wannan ido kore kawai ya sani, bai san dashe da ciyawa ba. Maganin gilaifoset, wanda ya cika kasuwanninmu, yana shiga ta ganye da ta ɗanyen ɓawo, ya gangara har saiwa. Saboda haka masu lambu a can sukan sa wa ƙananan itatuwa riga ta kwali ko ta roba a gindi kafin feshi.

Na'urar ta fi ƙarfin aljihun ƙungiyoyinmu, amma rigar ba ta fi ba. Dashen da bai kai shekara uku ba, mu nome kewayensa da fartanya, mu shimfiɗa busasshiyar ciyawa, kada ta taɓa gindin saboda gara. Famfo kuwa a matsa shi a kan ciyawa kaɗai, da safe, kafin iska ta tashi.