In'ina ba taurin kai ba ce

A makarantun allo na Sokode da Dapaong mun saba ganin yaron da karatu ke zubo masa sumul idan ana biyawa tare, amma da zarar malam ya ce ya biya shi kaɗai, sai harshe ya sarƙe. Sai mu ce da gangan yake yi, a ɗauko bulala. Alhali masana sun tabbatar haka in'ina take: takan lafa idan muryoyi suka haɗu.

Takan ɓulla tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta fi kama maza, kuma yawancin yara sukan rabu da ita. A 2010, binciken Dennis Drayna na Amurka ya gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita a wasu iyalan Pakistan.

Tun 2003 makarantar ENAM ta Lome ke horar da masu gyaran magana. Iyaye, mu neme su da wuri. A gida kuwa, kada mu ƙarasa wa yaro kalma, kada mu bari a kwaikwaye shi. Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Ubangijinsa Ya warware masa ƙullin harshe.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.