Yadda hoton ƙwaƙwalwa ke taimakawa wajen hango illar gashin kansa ga yara

Daga cikin nau'o'in kansar ƙwaƙwalwa masu tsanani da ke kama yara, wadda aka fi yawan samu ita ce wadda likitoci ke kira medulobilastoma. Tana tsirowa ne a ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ta wajen ƙeya, sashen da ke kula da daidaiton tafiya da motsin gaɓoɓi. A ƙasashen da ke da kayan aiki, kimanin bakwai cikin kowane yara goma da suka kamu suna tsira da ransu. Sai dai da yawansu kan ci gaba da biyan kuɗin wannan tsira har ƙarshen rayuwa.

Bayan an yi tiyata an cire ƙarin, sai a koma ga gashi, wato haska wa jiki wani haske mai ƙarfi da ke ƙona ƙwayoyin cutar, sannan a bi da magunguna. Da yake wannan kansa tana bin ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka ta bazu, ba gurbin ƙarin kaɗai ake gasawa ba, har da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya da lakar. Ana auna ƙarfin gashin da ma'aunin girei: 23.4 ga yaron da cutarsa ba ta yi nisa ba, 36 ga wanda tasa ta yi tsanani, sannan a ƙara wa gurbin ƙarin har ya kai kimanin 54.

Illar ba ta bayyana nan take. Yaro ba ya manta abin da ya riga ya sani, amma koyon sabon abu sai ya riƙa yi masa nauyi, tsararrakinsa su wuce shi a karatu da lissafi. Bincike da dama sun nuna makin gwajin basirar irin waɗannan yara kan ragu da biyu zuwa huɗu a kowace shekara, kuma ƙananan cikinsu sun fi jin jiki. Shi ya sa likitoci ke kauce wa gasa ƙwaƙwalwar ɗan ƙasa da shekara uku. Abin da ya daɗe yana ɗaure kai shi ne, yara biyu sa'annin juna kan sami gashi iri ɗaya, ɗaya ya gama makaranta lafiya, ɗaya kuwa ya kasa.

Amsar farko ta fito daga asibitin bincike na St. Jude da ke Memfis a Amurka. A 1999, Raymond Mulhern da Wilburn Reddick da abokan aikinsu sun yi amfani da hotunan na'urar MRI suka nuna cewa yaran da farin sashen ƙwaƙwalwarsu ya ragu su ne makinsu ya fi faɗuwa. Wannan farin sashe tarin zaruruwan jijiya ne da ke kai saƙo daga wani yanki zuwa wani, kowane zare lulluɓe da wani irin kitse, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Lulluɓin ba ya kammala sai mutum ya haura shekara ashirin, don haka gashi kan tarar da shi ne ana tsakiyar gininsa.

Daga baya aka sami hanya mafi kaifi, wadda ke bin motsin ruwa a cikin ƙwaƙwalwa. A zare mai lafiya ruwa kan bi hanya ɗaya, kamar a cikin bututu. Idan lulluɓin ya lalace, sai ya riƙa watsuwa ta ko'ina. Na'urar tana auna wannan bambanci ko da hoton da aka saba ɗauka bai nuna komai ba. Masu bincike a Hong Kong da Toronto da Memfis duk sun ga alaƙa tsakanin wannan awo da basirar yaran ko saurin tunaninsu. Yanzu ana ɗora taswirar gashin a kan hoton, domin a gane yankunan da suka fi rauni, irin su hifokamfas, cibiyar ajiye sabon abin da aka koya. Hoton da aka ɗauka kafin gashi ma yana da nasa labarin, domin ƙarin da taruwar ruwa a ka da ita kanta tiyatar kan riga su yi tasu ɓarnar.

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a rage gashin kawai? An gwada. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa sakamakonsa a 2021, an rage shi zuwa girei 18 ga wasu yara 'yan shekara uku zuwa bakwai, sai cutar ta fi dawo musu. Amma a gwajin nan ne aka ga cewa taƙaita ƙarin gashin ga gurbin ƙari kaɗai bai rage tsira ba. Ke nan akwai inda za a sassauta, akwai inda sassauci ganganci ne.

Nan hasashe zai yi rana. Idan aka san yaron da ke cikin haɗari tun da wuri, za a iya karkatar da hasken daga yankuna masu rauni, ko a sa shi gaba a layin gashin furoton, wanda ke tsayawa inda aka nufa ba tare da ya ratsa ya wuce ba, ga shi da tsada da ƙarancin cibiyoyi. Za a iya fara tallafa masa a makaranta tun kafin ya fara faɗuwa jarrabawa. A Toronto, tawagar Donald Mabbott ta gwada motsa jiki da kuma maganin ciwon suga na metformin a kan yaran da suka tsira, kuma sakamakon farko ya ƙarfafa gwiwa.

Duk da haka, aikin bai bar matakin bincike ba. Yawancin nazarce-nazarcen an yi su ne a kan yara 'yan gommai, kuma awon na'urar wani asibiti ba lalle ya yi daidai da na wani ba. Gano alaƙa a cikin rukunin yara abu ne daban da gaya wa uwa makomar ɗanta guda, kuma kafin likita ya canja ƙarfin gashi bisa hoto, dole a bi ɗaruruwan yara shekara da shekaru a ga ko hasashen ya tabbata.