Gyaran Harafi Ɗaya a Linux

Wayar Android da ke aljihunmu a kan Linux take aiki, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland. Kowa na iya buɗe ta ya karanta, har da 'yan bayanan da marubutanta ke bar wa juna tsakanin layukan umarni. Kwamfuta ba ruwanta da bayanan, amma kalmar da aka rubuta ba daidai ba takan ɓace wa mai nemanta.

Irinmu sababbin shiga, da gyaran irin wannan kuskure muke fara sa hannu. A 2014 ma an karɓi gyaran wata 'yar shekara 4, wadda ta lura layin da aka ja ƙarƙashin wani kanu bai kai harafin ƙarshe ba.